Ramin da Aka Haƙa wa Littattafan Yaya Sabo

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, kowa ya tsinci guntun labari ya tafi da shi, har na ji ana cewa wai an kulle ni a kan iyaka. Ba a kulle ni ba. Zan faɗi yadda aka yi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, wanda yake da tambaya ya riƙe ta sai na gama.

Mu uku ne a ɗakinmu. Yaya Malam ne babba, shi ya gaji makarantar allo ta mahaifinmu a nan Takur, cikin garin Dutse. Sai marigayi Yaya Sabo, wanda ya yi boko ya koyar da adabin Turanci a sakandare har ya yi ritaya. Sai ni, Asabe. Karatuna bai yi nisa ba, na yi aikin metiron a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma ban taɓa barin ɗaliba ta kwanta da gado a hargitse ba.

Da Yaya Sabo ya rasu, ya bar ɗaki guda cike da littattafai, yawancinsu tsofaffin ƙagaggun labaran Turawan Ingila, irin masu kaurin nan. A wurin rabon gado babu wanda ya miƙa hannu. Wani mai tsire ya ce zai saye su ya riƙa naɗe nama. Yaya Malam ya ɗauki ɗaya ya buɗe, ya ɗauki wani. A saman shafin farko na kowane littafi Yaya Sabo ya rubuta Bismillah da larabci, domin haka mahaifinmu ya koya mana, ba a buɗe littafi sai da sunan Allah. Wani ɗan'uwa ya ce a yage shafin farko kawai. Da aka duba ciki sai aka ga abin ya wuce nan. Inda wani abu ya ba shi mamaki ya rubuta Subhanallah a gefe, inda aka yi mutuwa a labarin ya rubuta Inna lillahi. Ba a naɗe tsire da irin wannan takarda, ba a zuba ta a bola.

Yaya Malam ya yanke hukunci. Ya ce in ilimi ne mai amfani, sadaka ce mai gudana ga Sabo, a kai wa masu amfana. In kuwa ƙarya ce da ɓata lokaci, ba zai bar ƙaninsa yana ɗaukar alhakin mutane daga kabari ba, za a haƙa rami a binne su cikin mutunci kafin damina ta sauka. Hadiza, 'yar marigayin, tana aure a Damagaram tana koyar da Turanci. Ta bugo waya tana kuka, ta ce a ba ta su.

"Asabe," in ji Yaya Malam, "ke ba ki iya sassauta magana ba. Ɗauki kwali biyu ki kai mata, ki zauna ki gani da idonki. Abin da kika faɗa, shi zan yi da sauran."

Ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Turancina na sanarwa ne da rahoto. Don haka na tashi ba na goyon bayan kowa.

Kafin na shirya su na ga bangon wasu yana ɗauke da hotunan mata wuya a buɗe. Ba zan ratsa garuruwa da wannan ba. Na samo takardar buhun siminti, na karkaɗe ta, na naɗe kowane littafi kamar yadda nake sa ɗalibaina su yi wa nasu, na jera su daga dogo zuwa gajere. Aiki ya yi kyau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A tashar Dutse aka fara. Ɗan kamasho ya ɗauki kwalayen zai cusa su a but, ƙarƙashin buhunan wake, ga rago a ɗaure a kai.

"Ajiye," na ce. "Akwai sunan Allah a ciki."

"To Hajiya a ɗaure su a saman mota mana, sun fi kowa ɗaukaka."

"In hadari ya taso fa?"

Na biya musu kujera kusa da ni. Wani fasinja ya ce ko gwal ne, na ce littattafai ne, ya ce to Allah ya ba su lafiya, tun da sun fi shi samun wuri. Muka wuce Kiyawa lafiya. A Jahun kasuwa na ci, keke napep sun toshe hanya, direba ya tsaya ya ɗauki wani ƙaton mutum mai buhun barkono. Mutumin ya leƙo, ya ga kwali a kujera, ya juya zai zauna a kai. Na sa hannu na tare shi.

"Haba Hajiya, kwali ya zauna, ɗan Adam ya tsaya?"

"Kwalin ya biya. Kai ma biya ka nemi taka."

Ya matse a gaba shi da direba, barkononsa kuwa ya sa mu atishawa har Gujungu. Daga Gumel muka sauya mota zuwa Maigatari. Ban taɓa ganin raƙuma da shanu masu yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma ban tsaya kallo ba, domin ba shi ya kawo ni ba.

A ɓangarenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka sai muka isa wurin masu duba kaya, waɗanda can suke kira duwan. Wani jami'i dogo siriri ya yanke igiyar kwalin farko ya buɗe. Ya ga abubuwa masu kusurwa huɗu, duk kala ɗaya, a naɗe tsaf, babu suna babu alama. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ja da baya ya kira babbansu. A nan na gane abin da na yi. Abin da ya zama tsari a ɗakin kwanan ɗalibai, a kan iyaka kama yake da kayan da ake ɓoyewa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da ɗaliba ta shigo mini da akwati haka, sai ta kwance.

Babban nasu mutum ne mai furfura, Hausarsa gauraye da Faransanci. Ya ce a kwance duka, ɗaya bayan ɗaya. Dogon ya fara sauke su ƙasa, na ce ya dakata. Na shimfiɗa dardumata, sannan na zauna na shiga kwancewa da kaina, ina ninke kowace takarda ina ajiyewa gefe. Direbanmu ya jira, ya yi ham, ya zo ya ce fasinjoji suna zaginsa. Na ce ya tafi. Ya sauke mini jakata ya tafi.

Mai furfurar yana buɗe littattafan yana girgiza su. Ya ga rubutun larabci ya tambaya, na ba shi labari a taƙaice. Can sai ya tsaya a kan wani, ya daɗe yana kallon bangon.

"Wannan ai na san shi, Hajiya. Mun karanta shi a lakwal, amma da Faransanci. Labarin yaran da ake sa wa aikin da ya fi ƙarfinsu. Har yau in na ga an labta wa yaro kaya a nan, sai na tuna shi, sai na sa a rage."

Lakwal makaranta ke nan a bakinsu. Na ji maganarsa na ajiye, amma ban ɗauke ta hujja ba tukuna, domin mutum yana iya faɗar magana mai daɗi don ya wanke ɓata maka lokaci da ya yi. Abin da na riƙe shi ne, littafin da aka rubuta a Ingila ya shiga Faransanci ya iso Nijar tun kafin ni na kawo shi a kwali. Ya ce in bar su a buɗe, na ce a'a. Na sake naɗe su duka. Kafin na gama rana ta yi ƙasa, motocin Damagaram sun ƙare.

Wata mai sayar da tabarmi, Hajiya Ramatu, ita ma an tsayar da kayanta, ta zauna tana kallona tun daga farko. Ta ce ba za ta bar baƙuwa a bakin hanya ba, in zo mu tafi gidanta a Dungas. Gidan yashi ne fari, a share tas, kuma a tsakar gida suke kwana saboda zafi. Ta kawo dambu da zogale da ƙuli, sai fura mai nono da yawa wadda ta fi tamu tsami. Ta ba ni gado, na ɗora kwalayen a kai na kwanta a tabarma. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ni baƙuwa ɗaya na gayyato, ashe ku uku ne, kuma ke ce ƙaramar."

Da safe na idar da salla na tarar akuyarta ta tura kai cikin kwali ɗaya, ta cinye takardar siminti ta littattafai biyu. Littattafan ba ta taɓa su ba. Hajiya Ramatu ta ce akuyar ma ta san inda sunan Allah yake. Aka kawo burodi, dogo kamar taɓarya kuma kusan taurinsu ɗaya. Sai an tsoma shi a shayi yake saduda. Na ci, domin ba a raina abincin mai masauki, amma namu ya fi.

Daga nan muka bi ta Magarya zuwa Damagaram. Garin yana da manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, har na ji kamar ban bar Dutse ba. Bambancin da na gani uku ne. Ruwa yana musu wuya, 'yan garuwa ko'ina. Da rana ta take sai a rufe shaguna da ofisoshi a tafi a kwanta, abin da a wurinmu za a kira lalaci, su kuwa tsari ne, kuma da na ɗanɗana zafin garin na daina zargin su. Sai shayi. Maza suna zama a ƙofar gida, wurin da suke kira fada, a dafa shayi a ɗan ƙaramin buta har zagaye uku, kofin kuwa bai fi kurɓa biyu ba. Mijin Hadiza, Malam Iliya, ya aiko mini da na farko. Ɗacinsa ya kai mini har kunne.

Hadiza ta buɗe kwalin, ta kwance littafi ɗaya, ta ga rubutun mahaifinta, ta rungume shi ta fashe da kuka. Na bar ta ta gama.

"Hadiza, kuka ba hujja ba ne. Baffanki ya aiko ni in ga amfani. In ban gani ba, zan ce ban gani ba."

"Na sani, Goggo. Shi ya sa ya aiko ki."

Ta fara kai ni makarantarsu. Ɗalibai suna haɗa kai huɗu a kan kwafi ɗaya da ya kusa rabewa. Da suka ga littattafan suka yi ta shafa su. Ta ce mini waɗannan labarai sun haura shekara ɗari ana karanta su, an juya su zuwa harsuna da yawa, kuma a cikinsu ɗalibi yake ganin yadda ake gina jimla da yadda ake gina mutum a kan takarda har ka ji kamar ka san shi. Na ce na ji. Na tambaye ta ko babu shan giya da rawa da maza da mata a ciki. Ta ce akwai, kamar yadda suke a duniya, kuma yawanci littafin yana nuna inda suke kai mutum. Na ce wannan ma zan faɗa wa Yaya Malam. Cin jarrabawa amfani ne, amma na san abin da zai ce: a ci jarrabawa da littafin nahawu mana.

Da la'asar ta yi, bayan salla, sai na ga mata suna shigowa gidan da kwanukan gyaɗa. Maƙwabta ne, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Suka zauna suna ɓare gyaɗa, Hadiza ta ɗauko wani tsohon littafi da mahaifinta ya ba ta tun lokacin aurenta. Takan karanta shafi a zuci, sai ta ɗago ta faɗe shi da Hausa. Ashe sun daɗe suna haka.

Labarin wata gwauruwa ce mai kanti a wani gari na bakin teku. Ɗanta ya sayar da kwalekwalen ubansa ya tafi birni neman karatu, ita kuwa ta rantse ba zai sake taka mata gida ba. Littafin ya bi yaron zuwa birni, ɗakin haya mai sanyi, yunwa, rashin lafiya. Duk shekara yakan dawo garin, ya tsaya a ƙarshen layi yana hangen tagar uwarsa, ya kasa ƙwanƙwasawa, ya juya. Ranar da na zauna, an kai inda uwar ta kwanta ciwo.

"Shegen taurin kai!" in ji wata mai goyo. "Ka ƙwanƙwasa mana, cinye ka za ta yi?"

"Ke rufe mana baki, ba ki san uwar ba ne. Wannan ko Hajiya Metiron albarka."

Suka dube ni suka kwashe da dariya. Ban yi dariya ba, amma ban ji haushi ba. Na lura da abu biyu. Na ɗaya, suna maganar mutanen nan kamar 'yan unguwarsu, har wata ta ce a kai wa yaron kunu. Na biyu, da aka kira magariba Hadiza ta rufe littafin a tsakiyar magana, suka yi ta roƙon shafi ɗaya, ta ƙi, kowa ta tashi alwala. Haka aka yi kullum har na taho.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Gambo, wadda ba ta cika magana ba. Wata rana da sauran suka fita na tsayar da ita.

"Iya, ke da girmanki, me kike samu a labarin Turawa, wanda ma ƙirƙirarsa aka yi?"

Ta zauna ta gyara zanenta. Ta ce tana da ƙane a Mirya wanda ya sayar da garkar ubansu ba da saninta ba. Shekaru masu yawa ba ta yi masa magana ba, ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su.

"Malamai ba su gaya miki hukuncin yanke zumunci ba?"

"Sun gaya mini, Hajiya. Na san hukuncin sarai, ina jin wa'azi ina cewa gaskiya ne, in koma gida zuciyata tana nan yadda take. Ni a raina yana can yana jin daɗi. Sai yarinyar nan ta shigar da ni ɗakin yaron nan, na zauna da shi cikin sanyi, na tsaya da shi a ƙarshen layi. Ban taɓa tsayawa a wancan gefen ƙofar ba sai ranar. Washegari na hau mota zuwa Mirya."

"Kika same shi yana kewarki?"

"Ina! Ɗan banza yana kishingiɗe yana cin dabino, ya yi ƙiba. Bai taɓa tsayawa a ƙarshen layin kowa ba. Har cewa ya yi me ya kawo ni." Ta yi 'yar dariya. "Amma na je. Yanzu 'ya'yansa suna zuwa mini, ƙaramar ma sunan uwarmu gare ta, ban sani ba sai bana."

Na raka ta ƙofa. Na tambayi Malam Iliya a keɓe, ya tabbatar mini haka aka yi, shi ya kai ta tasha. Washegari na ɗaure jakata.

Dawowa ba ta da labari, tun da ba ni da kwali. Mai furfurar nan na iyaka ya gane ni, ya tambayi lafiyar fasinjojina biyu.

Na iso Takur da hantsi na tarar an haƙa ramin a bayan makaranta, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Yaya Malam yana zaune a zaure a kan buzunsa. Na gaishe shi, ya sallami masu ɗaukar karatu, ya ce in faɗa. Na faɗa masa a jere: mota, iyaka, Dungas, makaranta. Na faɗa masa akwai giya da rawa a ciki, ban rage ba. Na faɗa masa ana rufe littafi in an kira salla. Sannan na ba shi labarin gwauruwar da ɗanta, da na Iya Gambo, da kalmominta yadda ta faɗe su.

"Ke me kika gani?"

"Na ga amfani, Yaya. Wa'azi ya gaya wa Iya Gambo abin da ya wajaba, littafin ya kai ta tasha. Ba zan ce kowanne haka yake ba, ban karanta ba. Amma a hannun Hadiza, ba na jin tsoron abin da zai iske Yaya Sabo."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce a nemi mota a kwashe sauran a kai mata, kuma kada a naɗe su da takardar siminti. Ramin kuwa a dasa mangwaro a ciki, kada wahalar haƙa ta tafi a banza. Na ce to, na yunƙura zan tashi.

"Asabe."

"Na'am, Yaya."

"Yaron nan. Ya samu uwar da rai?"

"Ban sani ba. Ba a kai wurin ba na taho."

"To buga wa Hadiza waya ta gaya mana."

Na koma na zauna. Na ce masa tun ina ƙarama na taɓa tsallake ayoyi a allona don in riga ƙawata, shi da kansa ya wanke allon ya mayar da ni baya, ya ce ba a tsallake a karatu don a riga ganin ƙarshe. In yana son ya san abin da ya faru, Hadiza za ta riƙa aiko mana da muryarta a waya, daga shafin farko, bi da bi.

Ya harare ni, irin hararar da ɗalibansa suke tsoro. Ni ba ɗalibarsa ba ce yanzu.

"Bayan la'asar," ya ce. "Kuma in an kira magariba a kashe."

Yanzu mun kai inda yaron ya sayar da kwalekwalen. Yaya Malam ya ce yaron bai kyauta ba, amma uwar ma ta yi gaggawar rantsuwa, kuma da an kawo masa maganar tun farko da ya nuna mata yadda ake kaffara.